Haƙƙin Tsoho na Zaɓar Abin da Ke da Kasada

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ba a saba kai tsoho gidan kula da gajiyayyu ba, saboda haka nauyin jinyarsa yana wuyan 'ya'ya da jikoki da surukai, sai kuma ma'aikatan lafiya da ake nema idan ciwo ya motsa. Masu wannan aiki sukan tarar da kulawar da ta wuce gona da iri a gidajen da ake ji da tsoho: a ɓoye masa makullin babur, a hana shi fita masallaci da asuba don kada ya faɗi, a yanke shawarar maganinsa a zaure alhali yana ɗaki da hankalinsa garau. Niyyar mai kyau ce, amma wanda aka zaunar wuri guda ƙafafunsa sukan yi rauni, damuwa ta kama shi, faɗuwar da ake gudu kuma ta ƙara matsowa.

Masana aikin jinya suna da ƙa'idar da suke kira mutuncin ɗaukar kasada, wadda wani Ba'amurke mai suna Robert Perske ya yi rubutu a kanta a 1972, ma'anarta kuwa ita ce baligi mai hankali yana da ikon zaɓar abin da wasu suke ganin akwai haɗari a ciki, muddin ya fahimci haɗarin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki da hanyoyin magani da kuma ikonsa na ƙin karɓa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar tun 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo. Fikihun Malikiyya ma, da ya zo lissafa dalilan hajru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, ya ambaci yarinta da hauka da wauta, bai sa tsufa a ciki ba.

Ma'aunin da ake dubawa don sanin ko hankalinsa ya isa ya yanke shawara shi ne ko dattijon yana fahimtar bayani, yana riƙe shi, yana auna amfani da illa, sannan yana iya faɗin abin da ya zaɓa. Rashin ji sosai ko jinkirin magana ba gushewar hankali ba ne, ruɗewar da zazzaɓi ke kawowa kuma takan wuce idan an yi magani, don haka sai a jira a sake tambayarsa.

Azumin watan Ramadan shi ne inda wannan batu ya fi fitowa fili. Dattijo mai ciwon suga, wanda ya shekara sittin bai sha azumi ba, yakan ƙi jin maganar ciyarwa ko da malamin unguwa ya tabbatar masa shari'a ta ba shi rangwame, domin a wurinsa ajiye azumi tamkar amsa cewa ƙarfi ya ƙare ne. Idan aka yi masa dole, sau da yawa yakan ɗauki azumin a ɓoye, ya ci gaba da shan magani yadda ya saba ko ya daina gaba ɗaya, wannan kuwa ya fi komai haɗari. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi tun cikin Sha'aban, a ce, “Baba, ga abin da zai iya faruwa, yaya kake gani?” Sannan likita ya gyara lokutan magani da adadinsa, a jinkirta sahur, a riƙa gwada jini da rana, a kuma yi yarjejeniya cewa da zarar ya ji rawar jiki ko gumi ko jiri ko gani ya dusashe zai karya nan take.

Zuwa gona ya fi wannan sarƙaƙiya. Akwai tsofaffin da suke noman shinkafa a filayen ban ruwa na Bakolori tun bayan kammala madatsar ruwan wurin a 1978, kuma raba su da gonar raba su ne da abin da suka sani. Sai dai a yanayin da 'yan bindiga suke ɗaukar mutane a gonaki da kan hanya, kasadar ba ta tsaya kan tsohon kaɗai ba, tunda iyali ne za su sayar da abin da suka mallaka don kuɗin fansa, haka ma mai raunin gani da ya hau babur zuwa kasuwa yana iya buge ɗan wani. A nan iyali suna da bakin magana, kuma akan samu mafita ta hanyar ba shi gona ta kusa da gari ko wanda zai goya shi.

Ma'aikacin lafiya ya rubuta a katin majinyaci abin da aka bayyana masa da abin da ya zaɓa, 'ya'ya kuma su daina amsa tambayar likita a madadin iyayensu matuƙar iyayen suna iya amsawa da bakinsu.