Sayen Kwamfutar Tebur ta Hannu

Yau za mu koyi yadda ake duba kwamfutar tebur kafin a biya kuɗinta. Mu mutanen Jushi muna kusa da kasuwar Sabon Gari, ga kuma Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. 'Yan makaranta kullum suna neman inda za a buga musu takardu, saboda haka mai kwamfuta ba ya rasa abin cefane. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzaminta ba yakan ruɗe ran jarrabawa, ko da ya san karatu.

Sabuwa tana da tsada. Yawancinmu ta hannu muke saye, wadda aka yi aiki da ita a ofisoshin Turai ko Amurka, aka kawo ta Ikko, daga can ta iso nan. Ba laifi ba ne. Amma kada mu yi cinikin biri a sama. Mai sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, don ya san shekarunsa. To, kwamfuta ma tana da haƙoranta, sai dai rubutu ne, sai wanda ya iya karatu ke ganinsu.

Abu na fari shi ne furosesa, watau ƙwaƙwalwarta. Shi ne ma'aikacin da ke cikin akwatin. Na kamfanin Intel muka fi gani, masu suna Core i3 da Core i5 da Core i7. Nan ne ake cutar mutane da yawa. Mai shago ya ce, "Wannan i7 ce, Malam, babba ce." Mai saye ya ji bakwai ta fi uku, sai ya zaro kuɗi. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Ku dubi lambar da ke bin sunan. In an rubuta i7-2600, wannan 2 ta farko tana nufin zubi na biyu, na shekarar 2011. In an rubuta i5-3470, zubi na uku ke nan, na 2012. In kuwa i3-8100 ne, zubi na takwas ne, na 2017. In lambobin biyar ne, kamar 10400, sai a karanta biyun farko, watau zubi na goma. 'Yan kasuwa suna ce wa zubin nan "jen". Tsohon ingarma fa ba ya tsere wa ɗan dukushin da ya tasa.

Me ya sa muka daɗe a kan wannan? Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum ran 14 ga Oktoba, 2025. Wadda ta gaje ta, Windows 11, ba ta amince da yawancin furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas ba. Akwai masu gyara da ke cusa ta a tsohuwar kwamfuta da dabara, har ta yi aiki, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da irin wannan ba. A ganinmu, mai hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki zubi na takwas ko sama. Wanda ba shi da hali, tsohuwar za ta buga masa takarda lafiya lau, sai dai kada ya biya kuɗin budurwa a kan tsohuwa.

Na biyu shi ne RAM. Ku ɗauke shi kamar teburin tela. In teburin ƙarami ne, tilas tela ya naɗe wannan yadi kafin ya shimfiɗa wancan, aiki ya yi ta jan ƙafa. Da giga ake auna shi. Giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke karɓa, amma giga 8 ya fi kwanciyar rai. Ana iya ƙara shi daga baya, muddin an sayi irinsa, gama DDR3 ba ya shiga ramin DDR4.

Sai rumbu, inda ake ajiye takardu da hotuna. Iri biyu ne. HDD yana da faifai mai juyawa a ciki, yana da arha da yalwa, amma ga nawa, kuma in ya tsufa yakan yi ƙas-ƙas kafin ya mutu da kayan mutum. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Gara SSD mai giga 256 da HDD mai giga 500.

Kada mu yarda da takardar da aka manna a jikin akwati, gama ana iya sauya kayan ciki a bar takarda. Mu ce, "Maigida, a kunna mana." In ta tashi, a danna Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya, a shiga wurin da aka rubuta Performance. Nan kwamfutar da kanta za ta faɗi sunan furosesanta da yawan RAM da irin rumbunta. A bar ta a kunne kamar rabin sa'a, a saurari fankarta. A buɗe murfi a ga ko ƙura ta toshe ta, don hunturunmu zai ƙara mata wata. In agogonta yana ɓata duk sa'ad da aka kashe, ɗan batir ne mai kama da kwabo ya mutu, lambarsa CR2032, ba shi da tsada.

Saura wuta. Wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya, gefe guda 115, gefe guda 230. Wutarmu 230 ce. In aka jona yana kan 115, sai ƙara da hayaƙi. Ku duba shi tun a shago, ku kuma ware kuɗin sitabilaiza ko UPS cikin lissafi.

Aikin aji: kowa ya rubuta waɗannan a littafinsa, i5-4570 da i7-3770 da i3-9100, ya faɗi zubin kowace, ya kuma ja layi ƙarƙashin wadda Windows 11 ta amince da ita.