Ɗalibi Ɗaya, Makaranta Biyu: Darasi a Kan Haɗa Boko da Sana'a

'Yan'uwana malamai da ɗaliban wannan kwaleji, ga wata tambaya da nake so ko wannenmu ya riƙe a ransa kafin ya karanta wannan darasi. Idan yaro ya gama aji shida na sakandare a Garaku, aka ba shi takardarsa, amma bai sami shiga jami'a ba, me zai tashi ya yi washegari? A shekarar 2024 yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB, ɗimbinsu kuwa ba su sami gurbi ba. Waɗannan yara daga hannunmu suka fito, sabo da haka amsar ta shafe mu.

1. Ma'anar abin

Akwai wata dabara da masana ilmi ke yawan magana a kanta, watau a rubuta sunan yaro a wuri biyu a lokaci ɗaya. Yana nan ɗan sakandare, kuma yana zuwa wata kwaleji ko wata ma'aikata yana koyon aiki. Abin da ya koyo can ana lissafa masa shi a makarantarsa, ranar da ya gama kuwa ya fito da shaida biyu.

In kun duba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro yakan tafi boko da safe, da la'asar ya tafi makarantar allo ko Islamiyya. Wani kuma daga makaranta sai shagon tela, ko garejin bakanike, ko wurin mai walda. Bambancin guda ne. Abin da yaronmu ya koyo a shago ba ya shiga littafin makaranta, ba mai jarraba shi a kai, ba shi kuma da takardar da zai nuna a wani gari.

2. Yadda wasu ƙasashe suke yi

A Amurka, jihar Minesota ta yi doka a 1985 wadda ta yarda 'yan azuzuwa biyu na ƙarshe na sakandare su ɗauki darussa a kwaleji kyauta. Makin da yaro ya ci ana lissafa shi a sakandare, ana kuma ajiye masa shi a kwaleji. Gwamnatinsu ta tarayya kuwa tun 1917 take ba jihohi kuɗi musamman don koyar da sana'a a sakandare.

A Jamus hanyar dabam ce. Yaro yana ƙulla yarjejeniya da ma'aikata, ya yi kwana uku ko huɗu na mako yana aiki a can, kwana ɗaya ko biyu kuma yana makarantar sana'a. Ana biyansa ɗan albashi tun yana koyo. Bayan shekara biyu zuwa uku da rabi sai ƙungiyar masu sana'ar ta jarraba shi, ta ba shi shaidar da ake karɓa ko'ina cikin ƙasar. Sana'o'in da doka ta san da su haka sun fi 300.

3. Tarihin abin a ƙasarmu

Kada wani ya zaci jiya aka fara wannan tunani. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a unguwar Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen aikin hannu, inda ake koyar da dukanci da ƙira da aikin kafinta. A 1956 aka buɗe makarantar fasaha ta Kaduna, ita ce ta zama Kaduna Polytechnic a 1968.

Bayan babban taron manhaja da aka yi a Ikko a 1969, Gwamnati ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. A wannan shekara kuma aka kafa hukumar NBTE a Kaduna don ta kula da ilmin fasaha. Daga wannan manufa aka sami tsarin nan na 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Nufin shi ne a ƙaramar sakandare ko wane yaro ya taɓa guduma da zarto da waya, a gane inda ya fi ƙarfi, kāna a raba hanya.

Bugun 2004 na wannan manufa ya faɗi yadda rabon zai kasance. Cikin yara 100 da suka gama ƙaramar sakandare, 60 su wuce babbar sakandare, 20 kwalejin fasaha, 10 cibiyar koyon sana'a, 10 kuma su tafi koyon aiki wurin masu sana'a. Ku ɗauki aji mai yara 50 ku yi lissafin: 30 za su ci gaba da boko, 10 kwalejin fasaha, biyar cibiya, biyar wurin maigida. To, wanda ya taɓa zuwa koyon koyarwa a ƙauyukanmu, ya faɗa mini ko ya ga ajin da aka raba haka.

A 1992 aka kafa hukumar NABTEB, mai hedkwata a Benin, don shirya jarrabawar fasaha da ta kasuwanci. A 2011 aka shigo da darussan sana'a 34 cikin manhajar babbar sakandare, aka ce ko wane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, an kuwa fara jarrabawarsu a 2014. A 2025 aka sake tace manhajar, aka mai da su shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da na amfanin gona. A shekarar nan ta 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar karatu kyauta a kwalejojinta na fasaha, ta ce kashi 80 cikin 100 na horon ya zama aiki da hannu, 20 ya zama karatun aji.

4. Inda gizo ke saƙa

Kun ga dai ba doka muka rasa ba. Ni a ganina abu uku suka hana ruwa gudu.

Na farko, kayan aiki. Lokacin da aka fara 6-3-3-4 an sayo injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu sun ruɓe cikin akwatunansu, don ba ɗakin da za a kafa su, ba lantarki, ba wanda ya iya tayar da su.

Na biyu, malamai. Malamin da bai taɓa riƙe almakashi ba in aka ba shi darasin ɗinki, ba abin da zai yi sai ya zana riga a allo, yara su kwafa. Su haddace, su ci jarrabawa, amma ko maɓalli ba su iya ɗaurawa ba.

Na uku, kuma shi ya fi wuyar magani, raini. Iyaye da yawa suna ganin kwalejin fasaha wurin wanda kansa bai ja ba ne. Mu malamai ma muna da laifi a nan, gama sau nawa ake tsorata malalacin yaro da cewa in bai yi karatu ba sai ya ƙare a gareji? Alhali kuwa wanda ya ci darussan da ake bukata a jarrabawar NABTEB yana iya neman jami'a da takardarsa kamar kowa.

5. Abin da zai yiwu a Garaku

Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona, tana kan babbar hanya tsakanin Keffi da Akwanga. A Keffi akwai Jami'ar Jihar Nasarawa, a Akwanga akwai kwalejin horon malamai, a garin Nasarawa akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya. Akwai kwalejin fasaha ta Tarayya a Doma, da ta jiha a Agwada cikin Kokona kanta. Mutanen ƙasar manoma ne na doya da masara da rogo da riɗi, ga kuma masu sana'a jere a bakin titi. Ashe guda biyu cikin sana'o'in nan shida, kiwo da noma, suna bayan gidan ko wane yaro.

Shawarata ita ce kada makaranta ta jira ranar da za a gina mata ɗakin injuna. Hedimasta ya zauna da iyaye da shugabannin masu sana'a na gari, da izinin hukumar ilmi, a zaɓi amintattun mutane, tela da mai gyaran waya da mai haɗa sola. A keɓe yamma biyu a mako da safiyar Asabar. Ko wane yaro ya riƙe littafi, a rubuta abin da ya yi ran nan, maigidansa ya sa hannu, malami kuma ya riƙa zagawa yana dubawa. A ƙarshe a shirya yaron ya zauna jarrabawar sana'ar, don ya sami takarda.

Amma a yi hattara da abu uku. Kada yaro ya zama ɗan aike, ana tura shi sayen abinci shekara guda bai taɓa keken ɗinki ba. Kada a manta da 'yan mata, a nema musu wurin da iyayensu za su natsu, a kuma bar mai son sola ko gyaran waya ta koya. Kada kuma a ɗebi lokacin Lissafi da Turanci a ba sana'a, gama mai haɗa sola da bai iya lissafin ƙarfin batir ba zai ƙona wa mutane kaya.

6. Tambayoyi

(a) Faɗi bambanci biyu tsakanin hanyar Minesota da ta Jamus.
(b) Makaranta tana da yara 120 a aji uku na ƙaramar sakandare. Raba su bisa lissafin 2004.
(c) Rubuta sana'o'i biyar na garinku, ka nuna wadda ta dace da ɗaya daga cikin shidan nan.
(d) Uba ya zo ya ce ɗansa ba zai koyi walda ba, likita zai zama. Me za ka ce masa?

Ina roƙon 'yan ajin ƙarshe su kawo mini amsar tambaya ta huɗu a rubuce, gama ita ce za ku fara gamuwa da ita ranar da aka tura ku aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa yaranmu su amfana da mu, amin.