Lissafin BEPC da faɗuwar damina a Tsauni

Jarrabawar BEPC takan zo daidai faɗuwar damina, lokacin da magidanta a Tsauni ke neman hannu wajen shukar gero da gyaɗa. Ɗalibin da ya bar bitar lissafi sai Yuni, gona za ta cinye masa lokaci. Gara ya fara tun Janairu da takardun shekarun baya, agogo a gabansa.

Da Faransanci tambayoyin ke zuwa, kuma nan yara da yawa ke tuntuɓe: sun haddace ƙa'idar Pythagore da ta Thalès, amma ba su gane abin da ake nema ba. Malam ya sa su bayyana tambayar da Hausa kafin su ɗauki biro. Iyaye kuwa su tanadi fitilar sola, su rage wa ƴan mata daka da ɗiban ruwa da maraice.