Makin Z: Ka Zana Tudun Kafin Ka Buɗe Jadawali

Kukan da ɗaliban ƙididdiga suka fi kawowa iri ɗaya ne: sun fitar da z daidai, amsar ƙarshe kuma ta fito a karkace. Galibi laifin yana wajen karanta jadawalin z.

Makin z nisan adadi ne daga matsakaici, idan aka auna shi da sigma, ma'aunin warwatsuwar alƙaluma. Ka cire matsakaicin daga adadin, ka raba da sigma. A ce jarrabawa ce mai matsakaicin maki 60 da sigma 8, kuma makin ya yi tudu a tsakiya, ya gangara daidai wa daida ta hagu da dama. Wanda ya ci 72, z ɗinsa 1.5.

To, a nan ake zamewa, domin jadawalin galibi iri biyu ne. Wani yana ƙirgowa tun daga ƙarshen hagu, a gaban 1.5 ka ga 0.9332. Wani daga tsakiya yake farawa, ya ba ka 0.4332. Duba abin da ke gaban sifili: in 0.5000 ne, na farko ke hannunka.

Saboda haka kada ka taɓa jadawali sai ka zana tudun, ka shafe wurin da ake tambaya da fensir. Nawa suka haura 72? Wutsiyar dama ce, sai ka cire 0.9332 daga 1, saura 0.0668, kusan mutum 7 cikin 100. Waɗanda suka gaza 48 ma haka adadinsu yake, tunda z ɗinsu −1.5 ne kuma ɓangarorin biyu daidai suke. Tsakanin 52 da 72 kuwa, z na 52 −1 ne, a gabansa ka ga 0.1587, sai 0.9332 ban da 0.1587, wato 0.7745.

Ka riƙe wannan don gwada amsarka: kusan kashi 68 cikin 100 na tsakanin −1 da 1, kashi 95 tsakanin −2 da 2. Kuma kada ka ɗauka abin aji ne kawai. Da makin z na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ake gane yaro mai tamowa mai tsanani, idan nauyinsa bisa tsayinsa ya gaza −3.

Sai dai jadawalin ba ya aiki a kan alƙaluman da suka rinjaya gefe guda, kamar kuɗin shigar jama'a, inda attajirai ƙalilan ke jan wutsiyar dama. A irin wannan, z zai fito, amma yiwuwar da ka karanto ba abar dogaro ba ce.