Jinyar Yaro Mai Sikila: Ina Uban Yake?

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan jinyar ƙaramin yaro ne wanda ciwonsa ba na kwana biyu ba ne. Zan ɗauki amosanin jini, wato sikila, domin Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da shi, kuma da wuya ka samu unguwar da babu gidan da ke wannan jinya.

Duk wanda ya leƙa ɗakin yara a manyan asibitocinmu da dare zai ga uwa a gefen gado, kaka a kan tabarma. Uba ya zo da magariba, ya miƙa kuɗin magani, ya tafi. Wani ma sai dai waya. To, da wannan uban nake son mu yi magana.

A shekara ta 2 bayan Hijira, lokacin yaƙin Badar, Nana Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW) tana kwance ba lafiya. Annabi ya bar mijinta Sayyidina Usman a Madina yana jinyarta, ya kuma tabbatar masa da ladan wanda ya halarci Badar da rabonsa na ganima. Bukhari ya ruwaito wannan daga Ibn Umar. Badar fa! Shi kansa Ibn Umar ya taɓa barin Juma'a ya tafi wurin Sa'id bin Zaid da aka ce masa yana kwance. Malamanmu na Malikiyya ma sun ƙidaya jinya cikin uzurorin da ke sauke wajibcin Juma'a, idan babu mai kula da majinyacin. Idan Juma'a za a ɗaga wa mai jinya ita, ina ga zaman majalisa da kallon ƙwallo?

Na san akwai neman abinci, kuma kuɗin asibiti ba daga sama yake faɗowa ba. Amma a raba dararen. Matar da ta kwana uku a kan kujerar roba ba ta iya riƙe bayanin likita yadda ya kamata. Ka karɓe ta dare ɗaya. Ka san sunan maganin ɗanka da ranar komawa asibiti.

Sai maganar da ke ci mini rai, a ce wai daga dangin uwar ciwon ya fito. Wannan zalunci ne. Yaro ba ya zama SS sai ya gado daga uba da uwa duka. Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Rabin abin daga jikinka yake, malam. Kai ne za ka tsaya tsakaninta da gorin dangi, cikin ladabi, ko da daga mahaifiyarka maganar ta fito.

Kada gajiya ta sa a yanke asibiti a ce an koma ga tawakkali. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Ku yi masa ruƙya, ku tofa masa addu'a, amma folik asid da sauran abin da likita ya rubuta su ci gaba, har ranar da yaro ke wasansa lafiya lau. A ba shi ruwa da yawa, a rufe masa jiki lokacin hunturu, ya kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba a jiran gari ya waye. Haka ɗashewar ido da tafin hannu, kumburin ciki ko sarƙewar numfashi. Tsaga da sakiya kuwa rauni kawai suke ƙara masa.

Idan aka ce ƙarin jini, halal ne, kuma nan ne wurin abokan masallaci da na kasuwa. Tun kafin buƙatar ta taso ka nemi mutum uku ko huɗu da suka yarda za su bayar, ka ajiye lambobinsu.

Shi yaron kuma yana ji. Masu dubiya su daina faɗin “irin waɗannan ba sa daɗewa” a kansa. Ba gaskiya ba ne, akwai masu sikila da suka yi karatu, suka yi aure, suka haifa. Kada ka ce masa allura ba zafi. Ce masa da zafi kaɗan, ga hannuna ka riƙe. In hawaye ya zo maka, bai ɓata haƙurinka ba, Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. In ka koma gida, ka zauna da yayyensa ka gaya musu halin da ake ciki daidai hankalinsu, don su ma kwana suke suna tambayar ina Umma.

Allah Ya ba yaranmu lafiya. Wallahu a'alam.