Yadda Hoton Jirgi Maras Matuƙi Ke Zama Taswirar Gona da Gari

Masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan awon ƙasa ne. Za mu ga yadda ƙaramin jirgi maras matuƙi yake ɗaukar hoton gonaki da gidaje daga sama, da yadda kwamfuta take haɗa hotunan su zama taswira. A karanta a hankali. In an iske kalmar da ta yi wuya, a tambayi malamin aji.

Manoma da yawa ba su san girman gonarsu ba. In ka tambayi mutum sai ya ce gonarsa tana ba da dami kaza na gero, ko tana cin tiya kaza ta iri. Amma malamin gona da hekta yake lissafin taki. Masu ba da rancen noma ma da hekta suke tambaya. Hekta ɗaya ita ce filin da tsawonsa ya kai mita 100, faɗinsa ma mita 100, wato kusan eka biyu da rabi. Wanda bai san hektar gonarsa ba, ko ya zuba taki ya yi yawa ya yi asarar kuɗi, ko ya gaza ya yi asarar amfani. Haka kuma rigimar iyaka tsakanin maƙwabta, da ta burtali tsakanin manoma da makiyaya, sau da yawa tushensu rashin awo ne.

Awo da hoto ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1850 wani hafsan sojan Faransa mai suna Aime Laussedat ya fara gwada zana taswira daga hotuna. Yawancin tsofaffin taswirorin Nijeriya da ke ofisoshin safiyo, daga hotunan da manyan jiragen sama suka ɗauka aka zana su, a shekarun 1950 da 1960. A Ile-Ife ma akwai makarantar koyon wannan aiki tun 1972. Sai dai a da gwamnati kaɗai ke iya ɗaukar nauyinsa, don hayar jirgi da injinan zanen suna da tsada ƙwarai. Yanzu jirgin da ke aikin yana shiga jakar goyo.

Yadda ake ɗaukar hotunan

Jirgin yana da farfela huɗu, da batir, da kyamara a ƙarƙashinsa tana kallon ƙasa. Babu mutum a ciki. Mai sarrafa shi yana tsaye a ƙasa da waya a hannu. Kafin a tashi sai ya zana wa jirgin hanyar da zai bi. Jirgin ya tashi kamar mita 100 sama, ya bi layi har ƙarshen fili, ya juyo ya kama layi na gaba, kamar yadda mai garma yake bin kunya. Yana tafe yana ɗaukar hoto. Batir ɗaya yakan yi minti 20 zuwa 30.

Daga wannan nisa, kyamara mai kyau takan ɗauki fili mai tsawon mita 150 da faɗin mita 100 a hoto guda. Kowane ɗigo a hoton bai kai santimita 3 a ƙasa ba. Saboda haka ana iya ganin kunyoyi, da turken akuya, da bakin rijiya.

To, ga inda sirrin aikin yake. Dole kowane hoto ya hau kan ɗan'uwansa, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Amma hawan hoto ya fi na kwano nesa ba kusa ba. In aka kasa hoto kashi 10, to kashi 7 ko 8 na abin da ke cikinsa sai sun sake fitowa a hoton da ke biye. Haka kuma tsakanin layi da layi. Ta haka itacen ƙirya guda zai fito a hoto goma ko fiye, kowane daga kusurwa dabam. Shi ya sa filin hekta 20 yakan ci hoto wajen 250. Wanda ya yi rowar hoto don ya gama da wuri, taswirarsa za ta fito da ramuka, sai ya koma ya sake tashi.

Me ya sa ake son abu ɗaya ya fito sau da yawa? Mai karatu, gwada wannan yanzu. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon hagu ka dubi yatsan. Buɗe shi, ka rufe na dama. Za ka ga kamar yatsan ya yi tsalle gefe. Matso da shi kusa da fuska ka sake gwadawa. Tsallen ya ƙaru. Abin da ke kusa ya fi gocewa, abin da ke nesa gocewarsa kaɗan ce. Da wannan bambanci ne idanunmu biyu suke gane nisa. Kwamfuta ma da shi take aiki. Kan rumbu ya fi ƙasa kusa da jirgi, don haka ya fi gocewa daga hoto zuwa hoto. Daga yawan gocewar ake lissafa tsayinsa.

Aikin kwamfuta

In jirgi ya sauka, sai a kwashe hotunan a zuba cikin kwamfuta. A nan manhaja take karɓar aiki. Manhaja ita ce jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta don ta san abin da za ta yi.

Da farko takan bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana neman alamu: kusurwar katanga, dutse, kututture, tsagar ƙasa. A hoto guda takan sami dubbai. Sai ta nemi inda kowace alama ta sake fitowa a sauran hotuna. Daga nan ta gano daidai inda jirgin yake a sama lokacin da ya ɗauki kowane hoto, da inda kyamara ta fuskanta. Bayan haka ta lissafa mazaunin miliyoyin ɗigo, kowane da tsayinsa, har siffar wurin ta fito da tudunta da kwarinta, kamar an gina ta da yumɓu.

Mataki na ƙarshe shi ne miƙe hotunan. Hoto kawai ba a awo da shi, don abin da ke gefen hoto yakan fito a karkace, kuma abin da ke kan tudu yakan fi na kwari girma. Manhajar takan gyara wannan, ta ɗinke hotunan su zama babban hoto ɗaya, wanda ko'ina a cikinsa kamar ana kallonsa ne daga sama tsaye cak. Wannan ita ce taswirar. A kanta za a iya bin iyakar gona da ɗan kibiya, kwamfuta ta faɗi hekta nawa ce. Ana kuma samun taswira ta biyu mai nuna tudu da gangare da launi. A ganina ita ce ta fi amfani ga ƙauye, ko da yake ba ta kai ta farko kyan gani ba. Ita ke nuna inda ruwan sama zai bi, da inda zai kwanta, da inda zaizayar ƙasa ta fara cin gona, da inda ya dace a haƙa lambatu a fadama.

Aikin yakan ɗauki awoyi, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Wayar hannu ba ta iya shi.

Manhajar da ba a ɓoye sirrinta ba

Manhajar wannan aiki iri biyu ce. Akwai ta kamfani, irin su Pix4D ta ƙasar Suwizalan. Tana aiki sosai, amma sai an biya kuɗin lasin da kuɗin ƙasar waje, kuma kamfanin ne kaɗai ya san yadda aka haɗa ta.

Akwai kuma buɗaɗɗiyar manhaja. Ita kamar rijiyar gayya ce: jama'a suka haƙa, kowa ya ɗebi ruwa, in ta lalace wanda ya iya ya gyara. An ajiye rubutunta a fili a intanet. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta, ya ƙara gyara, ya ba wani. Wadda ta yi suna a wannan fanni ita ce OpenDroneMap. Wani ma'aikacin taswira mai suna Stephen Mather ne ya fara ta wajen 2014, lokacin yana aiki a hukumar gandun shaƙatawa ta birnin Cleveland a Amurka. Daga baya wani mai suna Piero Toffanin ya yi WebODM, wadda ta sauƙaƙa aikin, har mutum ya zuba hotuna ya danna maɓalli kawai. Mutane daga ƙasashe da yawa sun sa hannu wajen inganta su. In an riga an girka manhajar a kwamfuta, tana aiki ko babu intanet, kuma hotunan garinku ba sai sun bar ofishin ba.

Kada a ji an ce kyauta a ɗauka aikin duka kyauta ne. Jirgi da batir da kwamfuta da janareto duk kuɗi ne, mai aikin ma sai an sallame shi. Manomi ɗaya ba zai iya ba. Aiki ne na ƙungiyar manoma, ko ƙaramar hukuma, ko makarantar koyon aikin gona.

Inda aikin ke ɓaci

Tun da manhajar alamu take nema, duk inda babu alama sai ta rikice. Saman tafki ko kogi ba ya fitowa daidai. Rairayi fari fat ma haka. Gero ko dawa da suka yi tsawo, iska na kaɗa su, kowane hoto da yadda suka tsaya, su ma suna ba da wahala. Don awon iyaka gara a bari sai bayan kaka, an kwashe kara. A tashi da hantsi ya ɗaga zuwa tsakar rana, lokacin da inuwa ta gajarta. Ranar da hazo ya yi kauri a haƙura.

Jirgin yana da na'urar GPS mai magana da taurarin ɗan'adam, tana rubuta wa kowane hoto inda aka ɗauke shi. Amma irin ta ƙananan jirage takan yi kuskuren mita ɗaya zuwa 'yan mitoci. A awon iyaka, mita biyu ta isa ta haɗa 'yan'uwa faɗa. Maganin abin shi ne a shimfiɗa alamu masu baƙi da fari a ƙasa kafin a tashi, kamar guda biyar, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya. Ma'aikacin safiyo ya auna mazauninsu da na'urarsa mai tsananin daidai, a shigar wa manhajar. Da haka kuskuren zai koma 'yan santimita. In kun ga irin waɗannan alamu a fili, a hana yara da dabbobi taɓa su.

Abin da jirgi ba ya gani

Taswira za ta nuna layin gamba ko aduwar da ke tsakanin gonaki biyu. Amma ba za ta faɗi gonar wane ce ba, ko gado ce, ko aro, ko jingina. Wannan sai mutane.

A birnin Darussalam na Tanzaniya an fara wani aiki a 2015 mai suna Ramani Huria, wato buɗaɗɗiyar taswira da harshen Suwahili. Bankin Duniya ya tallafa. An ɗauki hoton unguwannin da ambaliya ke ci duk shekara, irin su Tandale, da ƙananan jirage. Amma hotunan kaɗai ba su wadatar ba. Sai da ɗaliban jami'o'in birnin suka bi lungu-lungu tare da mazauna unguwa, suna nuna musu magudanar da ta toshe da inda ruwa yakan kai. Bayan an haɗa wannan bayani da hoton ne aka sami taswirar da hukuma za ta yi aiki da ita.

Haka ya kamata a yi a namu ƙauyukan. In an buga taswira a takarda, a shimfiɗa ta a ƙofar dagaci. Masu gonaki su zo, maƙwabta su zo, arɗo ya zo ya nuna burtali da mashaya. A kira matan da ke da gonar gado, kada a rubuta gonarsu da sunan wani. Kada kowa ya dangwala yatsa ko ya sa hannu a kan iyakar da bai taka da ƙafarsa ba. Ku nemi a bar muku kofe guda a garin. A kuma sani, wannan taswira ba takardar shaidar mallaka ba ce. Waccan daga hukuma take fitowa.

Tashin jirgin ma sai da izini. Tun 2016 hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da iznin ta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. A watan Janairu na 2025 kuma sojoji suka sanar da hana tashinsu a yankin Arewa maso Gabas saboda matsalar tsaro. Saboda haka in baƙo ya zo da jirgi, kuna da ikon tambayarsa takardarsa, da wanda ya aiko shi, da inda hotunan za su. Jirgin yana ganin tsakar gida. Ya kamata a yi shela kwana ɗaya ko biyu kafin a tashi, don iyali su kintsa.

Aikin aji

A wata taswira, santimita 1 tana nufin mita 10 a ƙasa. An auna wata gona mai kusurwa huɗu da rula, tsawonta santimita 15, faɗinta santimita 8. Ke nan tsawonta mita 150, faɗinta mita 80. In an ninka 150 sau 80 za a sami murabba'in mita 12,000. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Gonar ta ɗara hekta ɗaya da murabba'in mita 2,000.

Yanzu ga naku. A wannan taswira, wata gona tsawonta santimita 25 ne, faɗinta santimita 10. Hekta nawa ce? In malamin gona ya ce a zuba buhu 4 na taki a kowace hekta, buhu nawa mai gonar zai saya? A yi lissafin a littafi, a nuna wa malamin aji.