Yawon Shaƙatawa a Kwale-kwale: Misalin Tafkin Tiga

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin noman rani. Faɗin tafkin, kimanin murabba'in kilomita 178, shi ke jawo masu shaƙatawa, shi ne kuma haɗarinsa: idan hadari ya taso da damina, igiyar ruwa kan riski kwale-kwale tun kafin ya kai gaɓa. Don haka ya kamata baƙo ya zaɓi kusa da gaɓa, da hantsi, tare da masuncin da ya san ruwan, ya kuma sa rigar kariya. Kada ya shiga jirgin da aka cika maƙil; irinsa ne ya kife a Bagwai a 2021, ɗalibai da dama suka rasu.